Tunau Marini a Birnin da Aka Rina wa Sama

A ƙarƙashin marinar Kwarin Shuni akwai wani birni na aljannu wanda rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Da yake ba su da sararin sama irin namu, sai suka saƙa nasu, suka rina shi, suka ɗaura bisa kawunansu kamar rumfar kasuwa. Mutum biyu kaɗai suka taɓa zuwa can, kuma ciwo iri ɗaya ne ya kai su. Na biyun shi ne Tunau marini.

Tunau ba rago ba ne, ba zan yarda a yi masa wannan ƙazafin ba. Shekara ashirin yana rini, hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwa, ko sabulun wace ƙasa aka kawo ba ya fitar da shi. Ciwonsa guda ɗaya ne, sunansa Cindo. Tare suka koyi sana'a a hannun Sarkin Marina Nomau, kuma tsakanin rijiyoyin rininsu taku goma ne. In Cindo ya tsamo zane ya shanya, sai ka ga baƙi yana sheƙi kamar wuyan tattabara, fatake su taru suna sa albarka. In sun juyo kan na Tunau sai su ce, "Wannan ma ba laifi." Wannan "ba laifi" ita ce ta hana Tunau ƙiba.

Da farko ya ce albarkar yatsa na shida ce da aka haifi Cindo da shi, ko da yake tun yana jariri aka cire. Daga baya ya ce asiri ne. Sai ya ɗauki wata dabara: duk abin da Cindo ya yi wa rijiyarsa, shi ma ya yi wa tasa. Cindo ya zuba toka, ya zuba. Cindo ya ɗauki muciya ya juya ruwan rini, ya ɗauki tasa ya juya. Marina kuwa da harshe suke gane rijiya ta nuna ko da saura, su tsoma yatsa su lasa. To, kullum da tsakar rana, in kowa ya tafi cin abinci, sai Tunau ya lallaɓa ya ɗanɗana ta Cindo. A gida ma ba shi da hira sai ta Cindo, har matarsa ta tattara kayanta ta koma gidansu, ta ce ita mutum ɗaya ta aura, amma kullum da Cindo ake cin tuwo.

Ran nan Sarkin Marina ya kira su biyun bakin Gwaggo, wato tsohuwar rijiyar da aka kafa marinar a kanta, wadda tun kaka da kakanni ba a taɓa jin ruwanta ya mutu ba. Ya ce, "Ƙarfina ya ƙare, muciya ta fi ƙarfin kafaɗata. Nan da kwana arba'in kowannenku ya kawo mini rawani ɗaya na rinin hannunsa. Wanda nasa ya fi, shi ne da Gwaggo, shi ne da sarauta."

Cindo ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki lafiya." Tunau ma ya faɗi haka. Tun yana yaro yake mafarkin ranar da zai tsoma hannu a Gwaggo, ga shi kuma ya san yadda za a ƙare: a duba nasa a ce ba laifi.

Washegari da tsakar rana ya yagi wani ɗan ƙyalle daga shanyar Cindo ya cusa a aljihun wando. Daga nan ya nufi wata busasshiyar rijiya a bayan marina, wai ko zai kankaro tsohon dagwalo, wato gurɓin rinin mutanen da, ya dace da sirrinsu. Yana sauka, ƙasar ta burme da shi. Ya yi ta gangarawa cikin duhu yana salati, har ya faɗo tim a kan rairayi, a bakin wani kogi mai ruwan toka yana tafarfasa.

Ga wata aljana a cikin kwalekwale, doguwa kamar giginya, idonta ɗaya a tsakiyar goshi. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai shuɗin hannu, ina ka nufa?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, inda ake samun sirrin rini."

"Shigo. Amma ka sani, jirgina ba ya ɗaukar abin da ba na mai shi ba. In da irinsa a jikinka, jefar tun a nan."

Tunau ya ce babu. Suna kaiwa tsakiya jirgi ya fara nutsewa. Aljana ta ce, "Jefar!" Ya jefar da hularsa. Ruwa ya ci gaba da shigowa, yana cin fatar ƙafarsa. Ta sake cewa, "Jefar!" Ya jefar da takalma, ya tuɓe riga ya jefar, har da ɗan garin da ya ƙullo. Ƙyallen Cindo kuwa ya dafe shi da hannu bibbiyu. Da ƙyar suka kai gaɓa, ruwa ya kawo musu ƙugu. Aljana ta dube shi daga shi sai wando, ta ce, "Shekara dubu ina fito, ban taɓa ganin wanda ya zubar da nasa duka don ya riƙe na wani ba, sai kai da wani tsoho. Wuce."

Ya shiga wani daji na itatuwan baba da ake rini da ganyensu, kowanne ya yi girman kuka. A kan rassan akwai tsuntsaye masu fuskar mutane, suna ganinsa suka ɗauka baki ɗaya: "Sannu da aiki, Cindo! Allah ya yi wa hannunka albarka, Cindo!" Ya sunkuya zai ɗauki dutse, sai ya lura kututturan da ke gefen hanya duk siffar mutane ce, kowanne ya ɗaga hannu zai yi jifa. Ya saki dutsen. Ya toshe kunnuwa da yatsu, amma muryar ta ƙara ƙarfi, don ashe daga cikin ƙirjinsa tsuntsayen suke ɗaukowa. Haka ya ratsa dajin yana cizon leɓe har ya yi jini.

Yana fita sai ga birnin. Ya ɗaga kai ya ga samansu, saƙi ne falle-falle an ɗinke, daga wannan bango na duniya zuwa wancan, kuma shuɗin da ke jikinsa ya sa Tunau ya manta da yunwa. Rijiyoyin rini sun fi dubu. Aljannu na hawa tsani suna kwance fallen da ya koɗe, wasu na tsomawa, wasu na bugu da guduma kamar turmi. Ba wanda ya dubi aikin ɗan'uwansa. Wannan ya ba Tunau mamaki ƙwarai, don shi bai san ana aiki haka ba.

Aka kai shi gaban mai birnin, Magajiya Baƙartafi, tana zaune a bakin rijiyarta, hannu dumu-dumu da rini kamar kowa. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ta ce, "Ya kai baƙo daga bisa rufinmu, ba a zuwa nan a koma hannu wofi. Wane launi kake nema?"

Ya zaro ƙyallen nan ya ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya, wanda ya fi wannan."

"Muna da shuɗi iri ɗari uku da sittin, kowanne da sunansa, babu mai suna 'ya fi wannan'. Kwatanta mini wanda ranka yake so."

Tunau ya lalubi zuciyarsa ƙasa da sama, bai tarar da launi ko ɗaya ba sai na Cindo. Ya ce, "Ni dai in ya fi nasa, ko wane iri ne."

Magajiya ta tafa hannu, aka kawo koko bakwai cike da ruwan rini. Ta ce, "Waɗannan daga marinarku suka tsatso ta rufinmu. Ɗanɗana, ka nuna mini na wannan Cindon."

Yana lasar na uku ya ce, "Ga shi! Kuma gobe zai nemi ƙarin toka."

"Madalla da harshe. To, nuna mini naka."

Ya lashi na farko har na bakwai. Ya sake zagayowa. Gumi ya karyo masa. A ƙarshe ya nuna na biyar a kan sa'a, aljannu suka bushe da dariya har sama ta girgiza, don na biyar ruwan da ake wanke muciya ne.

Magajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shekara ashirin muna jin rijiyarka tana kuka a kanmu. In ta nemi hutu sai ka juya ta, don Cindo ya juya tasa. In tana jin yunwar toka sai ka hana ta, don tasa ta ƙoshi. Kowace rijiya da halinta, da zurfinta, da ranar nunarta. Kai kuwa ka san ta wani kamar tafin hannunka, taka ko gaisawa ba ku taɓa yi ba."

Kunya ta rufe Tunau, amma ƙyashi ya fi kunya ƙarfi a wurinsa. Ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe. Amma kwana arba'in aka ba mu. In ban yi wani abu ba zai ɗauke Gwaggo ina kallo."

Ta ce, "Kwana ɗaya a nan wata guda ne a wurinku, kuma ka riga ka ci mafi yawan yini. Saurara, zaɓi biyu gare ka." Ta sa aka yanko rawani daga gefen samansu aka shimfiɗa a gabansa. "Ka ɗauki wannan ka tafi yanzu. Babu ɗan Adam da zai gan shi ya dubi na Cindo, Gwaggo ta zama taka. Sharaɗinsa, daga ranar ba za ka sake tsoma hannu a rini ba, duk rijiyar da ka taɓa ta mutu. Ko kuwa ka zauna in ba ka rijiya, ka rina naka da hannunka, ka koma lokacin da ka gama, ka tarar da abin da ka tarar."

Tunau bai ko tsaya tunani ba. Ya hango fuskar Cindo ranar da za a ɗaga rawanin nan, ya hango fatake suna juyawa suna ce wa Cindo, "Naka ma ba laifi." Daɗi ya kama shi har haƙoransa suka bayyana. Ya miƙa hannu.

Sai wani ya ce daga bayansa da Hausar mutane, "Yaro, dubi nan tukuna."

Wani tsoho ne, ɗan Adam, ɗauke da tulun ruwa. Ya sauke tulun ya buɗe tafukansa. Fes suke, ko ɗigon shuni babu, har farcen fari tas.

Ya ce, "Sunana Mantau. Ni ne Sarkin Marinar Kwarin Shuni tun kafin a haifi kakan Nomau. Da irin wannan rawanin na ci sarautar, na kayar da wani abokina da ya tsone mini ido. Daɗin ya yi mini kwana bakwai."

Tunau ya ce, "Sauran fa, Kaka?"

"Sauran shekara talatin ne, ina zaune a kan buzu a bakin Gwaggo, wasu na tsomawa ina kallo. Wata uku shuɗin hannuna ya wanke. In na ji warin rijiya ta nuna, yatsuna su riƙa ƙaiƙayi kamar in yanke su. Abokin nan nawa kuwa yana can gefe yana rininsa yana waƙa, har ya mutu bai san an yi gasa da shi ba. Na dawo nan na roƙa a warware, aka ce ba a warwarewa. Shi ne na ce a bar ni in riƙa ɗebo ruwa, ko warin in riƙa ji." Ya kama hannun Tunau yana shafawa, idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi ina ƙyashin hannun nan naka fiye da yadda kake ƙyashin Cindo."

Tunau ya dubi hannuwansa. Tun da yake ba wanda ya taɓa ƙyashin wani abu nasa. Ya dubi rawanin, ya dubi fararen tafukan tsohon. Ya tuna ashe abin da yake mafarki tun yana yaro shi ne ya tsoma hannu a Gwaggo, ba ya zauna kusa da ita ba. Ya janye hannu yana hawaye, kuma kada a ce hawayen tuba ne, na baƙin ciki ne, don ya san a wannan lokacin ya miƙa wa Cindo Gwaggo da kansa.

Ya ce, "A ba ni rijiyar, ranki ya daɗe."

Haɗin ruwan rininsa na farko ya mutu, don kullum idonsa na kan wani aljani mai hannu huɗu da ke kusa da shi. Mantau ya ɗauko tabarma ya kafa masa shinge. Haɗi na biyu ya yi tsami, don ya ɗaura ƙyallen Cindo a kan muciya yana gwadawa da shi. Sai da Tunau ya gaji don kansa ya kwance ƙyallen ya jefa a murhun toka. Daga nan ya zauna da rijiyarsa. Ya lasa da safe, ya lasa da yamma, ya koyi kumfarta, ya gane ranar da take son juyi da ranar da take son a ƙyale ta.

Rannan Mantau ya tambaye shi, "Wai me ya sa ka zama marini tun farko?"

Tunau ya ce, "Zanen goyon innata. Shuɗi ne mai duhu, amma in rana ta ratsa shi sai ka ga wani haske a ciki, kamar hadarin farkon damina. A cikinsa na fara sanin duniya. Na ce in na girma sai na rina mata irinsa. Ta rasu ban rina ba." Ya sunkuyar da kai. "Na ma manta na taɓa faɗa."

Mantau ya ce, "To, ga launin da Magajiya ta tambaye ka."

Sau goma sha tara ya tsoma rawaninsa, yana tsamowa kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi, ya shanya, ya sake tsomawa. Ranar da ya gama bugu ya ɗaga shi, sai ya ga zanen innarsa, ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai isarsa. Magajiya ta karɓa ta jujjuya ta ce, "Wannan ba ya cikin ɗari uku da sittin ɗinmu. Yanko mana kamu ɗaya mu ɗinka a samanmu." Kwanansa talatin da shida ke nan a birnin. Ya roƙi Mantau su tafi tare, tsohon ya ce, "Me zan je in yi a can da waɗannan hannuwan?" Aka sa Tunau a cikin guga aka ja shi sama.

Ya fito ta busasshiyar rijiyar nan ya tarar shekara uku ta wuce. Nomau ya rasu. An daɗe da yi wa Tunau sadakar arba'in, 'yan'uwa sun raba tukwanensa, awaki na kwana a bakin rijiyarsa. Ga Cindo can a bakin Gwaggo da rawanin sarauta. Tunau ya zaci ya warke, amma yana ganin haka ya ji abin nan ya soke shi a ƙahon zuciya kamar jiya. Ya haɗiye, ya je ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Marina."

Bayan an gama salati da koke-koke, ya warware rawaninsa. Cindo ya ɗaga shi ga rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da wata irin murya, "Tunau, yaya ka yi wannan?"

Tunau ya ce, "Zanen innata ne."

Ya yashe rijiyarsa ya haɗa ta. Kafin damina ta kama, fatake sun fara wuce Gwaggo suna tambayar shuɗin Tunau. Ana nan sai ya lura da wani abu: in ya zuba toka, Cindo ya zuba wa Gwaggo. In ya ɗauki muciya, Cindo ya ɗauka. Ba a jima ba kumfar Gwaggo ta fara yin fari-fari, warinta ya soma canzawa. Tunau ya san ma'anar wannan sarai, rijiyar da ba ta taɓa mutuwa ba ta kama hanya. In kuwa ta mutu a hannun Cindo, dattawa za su tuɓe shi.

Gaskiya ita ce Tunau ya ji daɗi. Kwana uku yana ɗaukar muciya ba don rijiyarsa na so ba, sai don ya ga Cindo ya zabura ya ɗauki tasa. Shekara ashirin ɗin nan duk ya fanshe su a kwana uku. A rana ta huɗu da hantsi iska ta kaɗo masa warin Gwaggo, ya ji yatsunsa na ƙaiƙayi, ya tuna da fararen tafukan Mantau. Cindo ya ɗaga muciya ke nan zai juya, Tunau ya taka ya riƙe ta.

Ya ce, "Ajiye, Sarki. Ba ta nemi juyi ba. Yaushe rabonka da ɗanɗana ta?"

Cindo ya tsoma yatsa ya lasa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna lillahi! Saura kaɗan." Ya dubi Tunau. "Me ya sa ka faɗa mini? Da ka yi shiru, kai za a naɗa."

"Na yi shirun kwana uku, kuma ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ta mutu, me za a ba ni? Rami?" Ya saki muciyar. "Ka bar ta ta huta kwana biyu. Kuma ka daina kallona, na san inda wannan hanyar take kaiwa, na je har ƙarshenta."

Cindo ya matsa gefe ya ce, "Taɓa ta ka ji mini, harshenka ya fi nawa."

Tunau ya durƙusa a bakin Gwaggo. Ya tsoma hannu har wuyan hannu, ruwan da ɗumi kamar jikin mai rai. Ya bar shi a ciki fiye da yadda ake bukata, Cindo kuma ya kau da kai ya ƙyale shi. Sannan ya lasa ya ce, "Za ta tashi."

Ya koma wurinsa. Gwaggo dai ta Cindo ce, kuma har Tunau ya tsufa, in aka ce "Sarkin Marina" sai ya ji ƙyashin nan ya ɗan motsa. Ya sunkuya ya ɗanɗana tasa rijiyar, ya tarar kwana ukun da ya yi yana wasa da Cindo har ta fara tsami. Ya ce, "Yi haƙuri, na dawo." Ya naɗe hannun riga ya nufi wurin toka.